Marafan Baba Sun Yi Shiru

Talata, bayan Azahar

Baba ya yi shiru yau. Wanda ya san gidanmu zai ce ai dama shiru yake tun da aka dawo da shi daga asibiti. Ba wannan shirun nake nufi ba. Wancan na Allah ne, mun karɓa. Na yau da ƙauri ya zo.

Ina kan teburina a layin masu gyara, na buɗe wayar wata mata, sai ga kiran Umma. Ba sallama, ba "Auta ka karya kuwa", sai cewa ta yi: "Zo, abin babanku yana wari."

Abin Baba tsohuwar laftof ce da ke kan durowa a gefen gadonsa. Da ita yake magana. Bari in rubuta yadda aka yi, don ni kaina in na tuna sai in ji kamar ƙarya nake.

Can baya, lokacin Baba na da bakinsa, aikina shi ne ɗaukar muryarsa a waya a ɓoye in yana faɗa. Sai in laɓe bayan ƙofar Yaya in kunna, ya zabura ya ɓoye sigari a aljihu har ya ƙona wando. Na tara faɗan Baba iri-iri. Da abin ya same shi, baki ya ɗauke, hannun dama ya kwanta, na hagu kuma rawa yake, ba ya iya taɓa ƙananan maɓallai. Sai wani ɗalibi maƙwabcinmu da muke kira Injiniya ya saka wa laftof ɗin wata manhaja, ni kuma na samo kibod na ɓalle maɓallansa, na bar 'yan kaɗan, na manna marafan kwalba a kansu. Kowane marfi da maganarsa, da muryar Baba ta gaske.

Matsalar ɗaya ce, ban taɓa ɗaukarsa yana sa albarka ba. Don haka duk abin da Baba zai faɗa yanzu faɗa ne. Shuɗin marfi: "A ba ni ruwa mana, ko sai na rubuto takarda?" Kore: "A'a." Fari: "To, ya yi." Rawaya: "Wa ya bar fitilar nan a kunne?" Wannan yake dannawa in wani abu na damunsa, ko ciwo ko ƙaiƙayi. Baƙi na Umma ne: "Ke dai zo ki zauna, kin tsaya min a ka." Ja kuwa nawa ne: "Ɗan banza." Shi ya fi kowanne gogewa.

Na shiga ɗakin, ƙauri kamar an ƙona roba. Laftof ɗin a kunne take, amma Baba na danna shuɗi yana sake dannawa, ba abin da ke fita. Leɓensa a bushe.

Kibod da lasifika da 'yar fanka duk a jikin wani ƙaramin akwati suke mai raba baki, reshe muke ce masa, shi kuma yana shiga bakin USB na laftof. Reshen yana da cajarsa, mai wuta biyar. Na ɗaura mata jan zare don kada a rikita ta da ta na'urar intanet, mai wuta sha biyu. Dukansu baƙaƙe ne, bakinsu ɗaya. Mai jan zaren na same ta a jikin na'urar intanet. Ɗayar kuma a jikin reshe.

An yi shara a ɗakin da safe. Shara mai kyau irin ta Umma, har ƙarƙashin gado.

Na zare su na mayar da kowace gidanta. Baba yana kallona. Na ba shi ruwa.

Talata, bayan Magariba

Yaya ya zo daga ofis, ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce, "Wa ya taɓa?"

Umma na tsaye bakin ƙofa, hannunta a jikin bango.

Na ce, "Ni ne. Gwaji na yi, ko muryar za ta ƙara ƙarfi in na ƙara mata wuta."

Ba wanda ya ce anya. Ko mutum ɗaya. Da cewa na yi ni na gyara wani abu a gidan nan, da sai an nemo shaidu an rantsar da su.

Yaya bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Ya ce, "Ka girma da gemu, har yanzu komai wasa ne. Kada in ƙara ganin ƙafarka a ɗakin nan." Sannan ya koma kan tsohuwar maganarsa, wai gidan nan ba mai kula, zai ɗauke Baba ya kai shi gidansa can ƙarshen gari, ya samo mai jinya, Umma ta huta. Kullum in ya ce haka Umma kan ce, "Na ce maka na gaji ne?" Yau ta bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Na naɗe laftof a zanin sallar Umma na sa a jaka.

Laraba, da hantsi

Ni waya nake gyarawa. Laftof sai Tabarau, tsohon da teburinsa ke jingine da nawa. Tabarau biyu yake sawa, ɗaya kan ɗaya, in aiki ya yi tsanani ya ƙara na uku a goshi don ado. Jiya-jiyan nan na manna masa cokalin shayinsa a tebur, don haka na zo da ladabi.

"Baba Tabarau, barka da asuba."

"Me ka lalata?"

Ya shinshina bakunan USB ɗin kamar mai sayen turare. Ya sa filas, ɗan abin ajiyar bayanai, a na hagu, shiru. Ɗayan na hagu, shiru. Na dama, shiru. Ya ɗora mitar auna wuta, babu wuta ko ɗigo.

Ya ce, "Sha biyu aka ɗura mata ta baki. Ƙofar fita ce, aka shigo da ambaliya ta nan. Wane jakin ne ya yi?"

"Ga shi a gabanka."

Ya sauke tabarau ɗaya ya kalle ni. "Kai shaƙiyyi ne, amma ba ka rikita caja."

Ya yi min bayani yadda zan gane. Bayan kowane baki akwai masu gadi. Na farko fis, shi ke fara mutuwa. Bayansa wani ɗan ƙaramin abu mai shanye wutar da ta wuce kima. Bayansa ayisi mai buɗe wuta da rufewa. In waɗannan kaɗai suka mutu, za a canza su. In kuma wutar ta tsallake su ta kai ga babbar ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar allon cikinta, sai dai mu yi mata addu'a.

Na ce, "Wanne ne namu?"

Ya ce, "Ni boka ne? Kunce."

Laraba, da yamma

Na tsaya bakin tagar ɗakin Baba daga waje. Ba a hana ni taga ba.

Alhamis, bayan La'asar

Yaya ya leƙo da safe, yana wucewa ofis Umma ta ce, "Shiga, ni ban ga ka shiga ba." Sai ta ɗan zabura kamar ta taka ƙaya. Na yi kamar ban ji ba.

Muryoyin duk suna cikin wayata, don haka na ce bari mu gwada. Na miƙa wa Baba wayar, yatsansa ya yi ta zamewa a gilashin, ya buɗe kyamara, ya kusa kiran mai gyaran famfo. Sai na ce to ni zan riƙa dannawa, shi ya kalle ni kawai, zan gane.

Ya kalle ni. Na danna ruwa. Ya rufe ido. Na danna fitila. Ya rufe ido. Na danna "ɗan banza" don in sa shi dariya, da ma gefen bakinsa na hagu kan ɗan ɗaga in ya danna min shi.

Bai ɗaga ba. Ya juyar da kai bango.

Sai a lokacin na gane. In shi ya danna, maganarsa ce. In ni na danna, ni ne dai nake tsokana da muryarsa kamar da.

Na kashe wayar. Na matsa masa ƙafa har ya yi barci, ko ya yi kamar ya yi.

Juma'a, da safe

Na kunce ta. Ƙananan kusoshi na jera su a marfin gwangwani, Tabarau ya ce in na ɓatar da ɗaya zai ɗaure allon da haƙorina.

Kusa da bakunan hagu akwai tabo baƙi kamar an ɗiga kwalta. Fis ɗin ya mutu, mita ba ta kuka a kansa. Na ji daɗi, na ce shi ke nan, mai gadin farko ne kawai. Ban jira Tabarau ya dawo daga sayen shayi ba, na ciro fis a jikin wani mataccen allo na ɗora da dalma. Aiki mai kyau, ni kaina na yaba. Na kunna.

Ɗan hayaƙi siriri ya tashi, ya yi min sallama ya tafi.

Tabarau na tsaye a bayana da kofi. Ya ce, "Madalla. Ka kawo sabon mai gadi, ɓarawon kuma yana cikin gida zaune." Wai akwai abin da ya narke a ciki ya haɗe wuta da ƙasa, ko fis nawa na saka haka za su bi juna. Sai an nemo wanda ya narke tukuna.

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ka tambaya? Kuma wa ya manne min cokali?"

Asabar, da safe

Shayin yau da gishiri. Gwangwanayen biyu, na sukari da na gishiri, iri ɗaya ne, rubutun jikinsu ne kawai ya bambanta.

Na shanye tas, na ce Umma sabon salo ne wannan, a manyan otal ma haka ake yi. Na ɗauke na Baba kafin ya kai ɗaki, na sake wani.

Ta zauna a kan tabarma tana murza gefen mayafinta. Ta ce, "Auta, zan gaya wa yayanka."

"Ki gaya masa me? Na fi shi kyau? Ya sani."

"Ka bar wasa. Kana ganin yadda yake kallonka."

"Umma, tun ina rarrafe haka yake kallona. In ya daina zan ɗauka ba shi da lafiya."

Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta juye. Na tashi na ce ana jirana a shago. Ba wanda ke jirana.

Kafin in fita na ɗaura roba a wuyan gwangwanin sukari. Ana jin ta da hannu.

Lahadi, bayan Azahar

Yaya ya zo da wata laftof ta aro, sabuwa fil, ya ce a bar wannan akwalar tawa. Ya kwashe rabin yini yana ƙoƙarin sa manhajar. Ta yi ta tambayarsa wani mabuɗin sirri da Turanci. Injiniya ne ya san shi, Injiniya kuwa ya gama karatu ya bar gari, lambarsa ba ta shiga.

Na leƙo ta taga na ce, "Yallaɓai, ka gwada yi mata magana a hankali, ba ta son tsawa." Ya ja labule.

Ta labulen na ji yana tambayar Baba, "Ruwa? Fitsari? Ciwo?" yana ƙara murya kamar kunnen ne ya lalace. Yaya yana son Baba. Hannunsa ne kawai bai san inda zai sa ba.

Da zai tafi ya ce wa Umma an gyara ɗakin can gidansa, ƙarshen wata zai zo da mota. Ya ce, "Mutum ba ya iya cewa ruwa, kuma kina ke kaɗai. Ba zai yiwu ba."

Litinin

Na samo ɓarawon. Biyu ne ma. Mai shanye wutar ya narke, ayisin kuma ya kumbura kamar an cije shi. Na cire su, mita ta daina kukan haɗewa. Yanzu sai samun irinsu.

Talata, da yamma

Yini guda a ɗakin tarkacen Tabarau, inda matattun kwamfutoci ke kwance kan juna har rufi. Ban iya karanta Turancin da ke jikinsu ba, amma na haddace lambar ayisin kamar yadda nake haddace allon karatu, na yi ta bi ina dubawa da madubin ƙara girma ina maimaitawa a baki. Tabarau ya ce da haka na riƙe karatu da yanzu ni ke jan sallah.

Na ce, "Malaminmu ya ce kaina yana da kyau, zamana ne ba shi da kyau."

Na samu guda ɗaya tak, a jikin wani allo da ɓera ya yi wa fitsari. Ƙanƙani ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, da ƙafafu kamar na tururuwa.

Laraba

Baba bai ci ba. Umma ta ce ayaba ma ya ƙi.

Alhamis, da hantsi

Na ce Tabarau ya ɗora min, hannunsa ya fi nawa sanin laftof. Ya ce a'a. "Babanka ne. In ta mutu a hannuna za ka riƙa kallona. In ta mutu a naka, kanka za ka kalla, kuma kai ba ka daɗewa da fushi da kanka."

Na shafa man dalma, na ɗauko ayisin da hantsaki, na kunna hita mai hura iska. Ban rage iskar ba. Fit. Ya tashi sama.

Muka hau nema, ni da Tabarau da mai sayar da caja na gefe, duk a durƙushe muna shafa ƙasa kamar masu neman allura. Na kwashe shara na tace ta a farar takarda. Babu.

Na zauna a ƙasa. Tabarau ya sunkuyo zai ce min wani abu, sai na ga wani ɗigo baƙi yana ƙyalli a cikin farin gemunsa.

Allah ya sani raina ya so in bar shi ya yini da shi. Da wata rana ce da sai na tara layin nan kaf sun zo kallo. Na ce, "Baba Tabarau, kada ka motsa, kada ka yi tari." Na sa hantsaki na ciro.

Ya ce, "Ka gaya wa wani, na kashe ka."

Na gaya wa mai caja kawai. Shi kuma bakinsa ba ƙofa.

Na rage iska. Na riƙe numfashi. Ya zauna daram, ƙafafunsa duk a layi.

Juma'a, bayan La'asar

Wuta ta dawo. Mita ta nuna biyar cif. Na sa linzamin kwamfuta, jar fitilarsa ta kama, na yi tsalle har na buge kai da rumfa.

Na motsa linzamin. Kibiyar da ke kan gilashi ba ta motsa ba.

Na sa kibod. Fitila ta kama, rubutu babu. Duka bakunan hagu haka. Na dama ma haka.

Tabarau ya ajiye mita. Sannan ya ce baki yana da hanya biyu, ta abinci da ta magana. Mun gyara ta abinci. Ta magana kuwa kai tsaye take tafiya wurin babbar ƙwaƙwalwa.

Na ce, "Ma'ana ta kai can."

Ya ce, "Ma'ana ka je gida ka ci abinci."

Bakin yana ci, ba ya magana. Har kwamfutar ma ta koyi ciwon gidanmu.

Asabar, da safe

Yau na yi wa Baba aski. Dokar Yaya ba ta hana aski ba, tunda shi in ya riƙe reza sai an kira likita.

Fuskarsa ta faɗa. Na shafa sabulu ina ba shi labarin gemun Tabarau, na kwaikwayi muryarsa da komai. Gefen bakin nan ya ɗan motsa. Kaɗan, amma na gani.

Umma ta shigo da ruwan ɗumi. Ta tsaya nesa da gadon, ta miƙo kwanon wajen da take zaton nake, na matsa na karɓa. Tun Talatar da abin ya ƙone ba ta zauna a kujerarta ta gefen gado ba. Takan kawo abu ta ajiye ta fita, kamar mai aiki a gidan mutane.

Da ta fita Baba ya kama wuyan hannuna da hannun hagun nan mai rawa. Ya kalli ƙofa. Ya kalle ni. Ya sake kallon ƙofa.

Na ce, "Na sani, Baba. Kana kwance a nan aka yi sharar."

Ya matse hannuna.

"Ni ne na ƙona. Haka muka rubuta, haka za a karanta. Ka taɓa ganin an yi ɓarna a gidan nan ba ni ba?"

Ya sake ni. Ya ɗaga yatsa ya danna katifa, daidai inda jan marfi yake zama. Ya sake dannawa.

Na ce, "Na ji. Na gode."

Sabulu ya shigar min ido, na fita wankewa.

Lahadi

Yaya ya zo da kwalaye na kwashe kayan Baba. Ya jingine su a zaure. Umma ta yi tuntuɓe da ɗaya, ta ce ita dai ba ta son tarkace a hanya.

Litinin, da hantsi

Ban bar ta ba. Bakin dama ba a jikin babban allon yake ba, yana kan wani ɗan allo daban da aka haɗa da siririyar igiya. Reshen a hagu yake ranar da abin ya faru. Na ce wa Tabarau, ambaliyar da ta shigo ta hagu, dole ne ta cinye hanyar maganar dama?

Ya sa tabarau na uku. Ya ce, "Auna."

Na bi siraran layuka biyu na hanyar maganar da mita. A kansu akwai wani ɗan mai gadi, shi ma baƙi, ƙafa shida. Mita ta yi kukan haɗewa a kansa. Ya mutu ne a bakin ƙofa, gawarsa ta tare hanya.

Ba mu da irinsa. Tabarau ya ce a cire shi kawai, bakin zai yi aiki ba mai gadi, amma daga yau ko tsawa aka yi a garin maƙwabta sai a zare komai. Zai nemo min wani a hankali.

Na cire. Na sa linzami. Na rufe ido na motsa shi, na ce Tabarau ya duba min.

Ya ce, "Buɗe idonka, matsoraci."

Kibiyar tana yawo.

Bakunan hagu sun tafi, sai dai caji. Ɗaya ya rage. Baba ma ai da hannu ɗaya yake mulkin gidan.

Na sayi sabon kibod, tsohon ya ƙone tare da reshen. Na mayar da marafan kowanne wurinsa. Reshe kuwa na jefa shi a tarkace. Lasifikar cikin laftof ta isa, fanka kuma a sa ta a bango. Ba sauran caja biyu masu kama da juna a ɗakin nan. Ta laftof ɗin na ɗaura mata ƙaton maɓallin riga a wuya. Zare ja, in ka ce ja, sai mai gani.

Na gwada a shago. Muryar Baba ta cika layin masu gyara: "Wa ya bar fitilar nan a kunne?" Mai caja ya miƙa hannu ya kashe tasa.

Litinin, bayan Magariba

Na jira Yaya ya zo, don kada a ce na karya doka. Na tsaya bakin ƙofa da jaka na ce, "Ranka ya daɗe, mai laifi yana neman izinin shiga." Ya ce, "In ka sake ƙona wani abu, da kai zan haɗa a kwali."

Na ɗora ta kan durowa, na sa kibod a kan matashi ƙarƙashin hannun Baba. Umma na bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje.

Baba ya daɗe yana shafa marafan da yatsa. Na ɗauka shuɗi zai fara. Yaya ya riga ya ɗauko kofi.

Ya kalle ni. Ya danna ja.

"Ɗan banza."

Ya sake. "Ɗan banza." Gefen bakin ya ɗaga har haƙori ya fito.

Yaya ya ce, "Ka ji ko. Shi ma ya san aikinka ne." Na ce na ji, na tuba, ba zan ƙara ba sai an samu dama.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, mun gyara maka ɗaki a can. Jibi za mu tafi, ka ji?"

Kore. "A'a."

"Baba, ka saurara, don lafiyarka ne."

"A'a. A'a." Sai yatsan ya zame ya taɓa rawaya, "Wa ya bar fitilar nan a kunne?" Dariya ta ƙwace min. Yaya ma ya kasa riƙe tasa, ya sunkuyar da kai.

Sannan hannun ya tafi can gefe, a hankali, yana rawa, har ya samu baƙin marfi.

"Ke dai zo ki zauna, kin tsaya min a ka."

Umma ba ta motsa ba. Ya sake dannawa.

Ta taho. Yaya ya janye kujerar ɗazu don ya durƙusa, ita ba ta sani ba. Ta kai hannu inda kujerar take zama kullum, ta shafa iska. Ta ƙara shafawa. Na tura kujerar da ƙafa har ta taɓa hannunta, ta zauna.

Na ɗago, Yaya yana kallon hannunta. Ya kalli maɓallin rigar da ke wuyan caja. Ya kalle ni, ya daɗe. Na ce, "Me? Na yi kyau ne?" Ya mayar da idonsa kan Umma.

Baba ya ɗora hannunsa kan nata. Da gefen hannun ya danna fari.

"To, ya yi."

Ya ci rabin ayaba.

Talata, da safe

Kwalayen ba sa zaure. Yaya ya zo da wuri da mota, ya ce ya ɗauki hutu, zai kai Umma a auna mata jini, kuma tunda asibitin ido yana kan hanya sai su leƙa, shi ma idonsa na damunsa. Umma ta ce ita lafiyarta ƙalau, amma za ta raka shi.

A bakin ƙofa ya miƙo min makullin ɗakin Baba. Ya ce, "Ka zauna da shi. Kada ka taɓa komai."

Na shiga. Ban kai ga sallama ba, yatsan Baba ya sauka kan marfi.

Ja.